Ga Wanda Jarinsa Ya Karye A Legas Ya Shiga Ɓuya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwana mazauna Legas, na ga wani abu a kasuwar Mile 12 wanda ya hana ni sukuni, kuma na ga bai kamata in yi shiru a kansa ba.

Wani bawan Allah ne ɗan gwari, wanda a bara idan motarsa ta shigo da tumatir daga Arewa, 'yan dako har rige-rige suke yi wajen sauke masa kaya. Mota ta lalace masa a hanya, kaya suka yi kwanaki a cikin rana, da aka iso aka sauke kwanduna sai ruwa ke tsiyaya ta ƙasansu, ƙuda yana bi. Fiye da rabin kuɗin lodin na mutane ne. Na same shi bayan la'asar a bayan wata rumfa, yana zaune a kan kifaffen kwando, waya tana ƙara a hannunsa, yana kallon sunan da ya fito a kanta har ta katse. Na ce masa, "Alhaji, ashe ba Hajiya ce take kira ba?" Ya ce, "Malam, in na ɗauka me zan ce mata?" Daga baya maƙwabcin rumfarsa ya shaida mini cewa ya daina salla a masallacin da ya saba, yana takawa can nesa inda ba a san shi ba, don kada ya haɗu da masu binsa bashi a sahu ɗaya.

Asarar tumatir ba ta ba ni tsoro ba, domin duk wanda ya daɗe a harkar gwari ya san wata rana a ci riba, wata rana a zubar da kaya a bola. Abin da ya ba ni tsoro shi ne wannan ɓuya, kuma na lura ta zama ɗabi'armu a garin nan. Lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu sassan birni a watan Fabrairun 2020, sannan ta ƙara tsananta dokar daga 1 ga watan Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Surulere da Apapa, matasanmu da yawa sun rasa babura, wasu ma ba su gama biyan kuɗin mashin ɗin ba aka kama shi aka murƙushe. A farkon 2023 ƙarancin takardun kuɗi ya durƙusar da masu ƙananan sana'o'i, bayan 'yan watanni kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, jari ya narke a hannun mutane suna kallo. Duk wannan ya faru a gabanmu. Amma ku duba abin da ya biyo baya: mutum ya canja layin waya, ya daina zuwa majalisa, salla ta zo ya ƙi tafiya gida saboda ba shi da abin tsaraba, matarsa tana can Katsina ko Sakkwato tana tambayar 'yan garinsu ko sun gan shi a Agege.

Ya ɗan'uwana, idan aka tambaye ka sai ka ce haƙuri kake yi, ka rungumi ƙaddara. Ka ji tsoron Allah ka binciki zuciyarka da kyau. Mai haƙuri yana fitowa sallar asuba a cikin jama'a, yana amsa sallama, yana neman abin yi ko da ƙarami ne. Kai kuwa abin da ya fi yi maka ciwo shi ne a gan ka a ƙasa bayan an san ka a sama. Ba ka son yaran da ka taɓa ba wa kuɗin shayi su gan ka kana tura baro, ko kana kasa tattasai a tire a bakin titi, ko kana yi wa wanda ka koya wa sana'a yaron shago. Wannan girman kai ne ya sa rigar kunya, kuma Shaiɗan yana sonsa ƙwarai, domin da shi yake raba mutum da jama'a, idan ya keɓe shi kuma sai ya shiga raya masa cewa tasa ta ƙare.

Ba na cewa kada ka ji zafi. Wanda ya tara kuɗi shekara da shekaru a wannan gari mai tsada, yana kwana a ɗaki ɗaya da mutum biyar don ya rage kuɗin haya, sannan abin ya tafi a dare ɗaya, dole zuciyarsa ta yi ƙuna, kuma ba laifi ba ne idan ya zubar da hawaye. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, ya kuma ce ga Allah yake kai kukansa. Amma a cikin wannan hali ne ya ce wa 'ya'yansa su tashi su tafi neman labarin Yusufu da ɗan'uwansa, kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Yana kuka, yana kuma tura mutane nema. Kai ka riƙe kukan, ka ajiye neman.

Ka tuna ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, inda aka kashe sahabbai saba'in, cikinsu har da Sayyidina Hamza, aka kuma ji wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, rauni a fuskarsa mai albarka. Washegari aka yi shela a fita a bi sawun abokan gaba, kuma waɗanda suka halarci yaƙin jiya su aka kira, suka fita da raunukansu har Hamra'ul Asad. Ba a jira raunuka sun warke ba. Abdurrahman bin Auf kuwa ya bar dukiyarsa a Makka ya iso Madina hannu wofi, Sa'adu bin Rabi'u ya yi masa tayin rabin abin da ya mallaka, Abdurrahman ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya fara da ɗan cuku da man shanu. Mutumin da aka yi wa bushara da Aljanna bai ji kunyar farawa da ɗan ƙanƙanen ciniki ba, kai wane ne da za ka ce kasa albasa ta yi maka kaɗan?

Sannan ka daina wannan lissafi da kake yi da dare. Da ban ɗauki wancan direba ba, da ban ci bashin ba, da na sayar da mashin ɗin tun kafin doka ta fara aiki. Manzon Allah ya hana mu wannan magana, ya ce tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan, ya umarce mu da mu yi kwaɗayin abin da zai amfane mu, mu nemi taimakon Allah, kada mu gajiya. Idan akwai kuskure a cikin lissafinka, ka zauna sau ɗaya da wanda ya fi ka sanin harkar ku duba inda aka yi sake, ko ka zuba jari duka a lodi ɗaya ne, ko ka ba da kaya bashi ba tare da rubutu ba, ka ɗauki darasin ka rufe babin. Ka yawaita addu'ar da Ummu Salama ta yi lokacin da mijinta ya rasu, ta roƙi Allah Ya ba ta lada a kan musibarta Ya kuma musanya mata da mafi alheri.

Maganar bashi ita ce mafi nauyi, na sani. To amma gudu yana mayar da mai gaskiya ya zama abin zargi. Ka ɗauki dattijo ɗaya daga cikin shugabannin kasuwa, ko limamin unguwa, ku je wurin masu kuɗin da ƙafarku, ka faɗi abin da ya faru da abin da ya rage a hannunka, a rubuta yadda za ka riƙa biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Ku kuma masu bin bashi, Allah Ya ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa har ya samu sauƙi. Masu zaman majalisa kuma da ke cewa "ai dama ya cika rawar kai", ku sani da bakinku kuke tura mutane cikin ɓuya, kuma za a tambaye ku.

Ba 'yan kasuwa kaɗai nake nufi ba. Har da yarinyar da aurenta ya mutu ta dawo gidan iyayenta a Idi-Araba ta rufe kanta a ɗaki, da ɗalibin da ya faɗi jarrabawar JAMB ya ce shi da karatu har abada, da mai gadin da aka sallama daga aiki yake fita kullum da safe don kada maƙwabta su gane. Wasu daga nan suke faɗawa ƙwaya, wasu cacar ƙwallo a waya da sunan mayar da abin da suka rasa, sai ramin ya ƙara zurfi.

Idan kuma abin ya kai makonni ba ka iya barci, abinci ba ya shiga, ko ka fara jin cewa mutuwa ta fi maka, to wannan ciwo ne da likitoci suka sani suke kuma magance shi, kuma akwai asibitin gwamnatin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Yaba. Ka gaya wa wani amintacce yau ɗin nan, ya raka ka. Neman magani ba ya rage imanin kowa.

Don girman Allah, ɗan'uwa, ka fito. Ka kunna wayarka ka kira mahaifiyarka, ka gaya mata gaskiyar halin da kake ciki ka roƙi addu'arta, domin rashin jin muryarka ya fi rashin aikenka ƙona mata rai. Gobe da asuba ka koma masallacinka na da ka tsaya a sahu. Ku kuma da kuka san wani wanda ya ɓace daga cikinku tun da abin ya same shi, kada ku jira ya neme ku, ku je ku ƙwanƙwasa masa ƙofa kafin Juma'ar nan.