Ƴan firojet, ku karanta jikin kwalba kafin ku auna

Ƙannena masu firojet a nan Bauchi, musamman ƴan kemistiri da masu aiki da ƙwayoyin cuta, dan Allah ku ba ni aron kunnenku. Kusan kowannenku sai ya haɗa bafan fosfet, wato ruwan da ke riƙe pH (ma'aunin tsami) kar ya canza, kuma wallahi wannan ɗabi'ar ta buɗe waya a kwafo giram-giram daga intanet a wuce kan sikeli kai tsaye tana ci min rai, saboda ita ke cinye muku kuɗi da lokaci ba ku sani ba.

Na2HPO4, gishirin fosfet da ake haɗa bafan da shi, fa ba iri ɗaya ba ne. Akwai busasshe wanda mol ɗinsa giram 142 ne, akwai mai ruwa bakwai a jikinsa wajen 268, akwai mai ruwa goma sha biyu da ya kai 358, duk farare ne, ido ba zai raba maka su ba sai rubutun jikin kwalba. In lissafinka na busasshe ne ka auna giram 14.2 don 0.1 M a lita ɗaya alhali kwalbar da ke lab ta 12H2O ce, wato mai ruwa goma sha biyu, abin da ka zuba ko rabi bai kai ba, sai pH ya faɗi, enzayim ya ƙi aiki, ka dawo kana cewa samfur ne ya lalace ko kemikal jabu ne.

Fosfet na riƙe pH a kusa da 7.2, shi ya sa ya dace da 7.4 irin na jini, amma sai gishirin nan biyu, NaH2PO4 da Na2HPO4, sun zo a gwargwadon da ya dace. Narka a mililita 800 na ruwa tukun, saita mitar pH da bafan pH 4 da 7 da 10, gyara da ɗigon HCl ko NaOH, sannan ka cike lita.

Kar kuma wani ya ce babu ruwan distil bari ya sa ruwan bohol ko fiya wata, kalsiyam ɗin ciki zai kama fosfet ya yi gari-gari a ƙasa. Da zafin Maris da Afrilu ɗin nan ga wuta ba tabbas firij ya zama akwati, bafan da aka bari kan benci funfuna yake yi, ku haɗa daidai buƙata ko ku sa shi a otokilef, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, a digiri 121 na minti 15.

Malamanmu masu duba firojet, a taimaka a riƙa tambayar ɗalibi wace kwalba ya ɗauka tun kafin ya shiga babi na huɗu, wato babin sakamako.