Nasiha Ga Ƙannena Masu Aikin Gwaje-gwaje A Asibiti

Ƙannena, hunturu yana ja da baya, zafi yana matsowa, kuma kun san wannan ne lokacin da ake kawo yara da zazzaɓi mai tsanani, wuya a sanƙare. A annobar sanƙarau ta 1996 Nijeriya ta rasa fiye da mutum 11,000, akasarinsu a Arewa, kuma ƙwayar da ta yi wannan ɓarna, wato Neisseria meningitidis, ita ce za ta riƙa iso muku cikin 'yar kwalba.

Da zarar ruwan laka, wato ruwan da likita ke zuƙowa da allura daga ƙashin bayan mara lafiya, ya shigo hannunku, ku ajiye duk abin da kuke yi. Wannan ƙwaya ba ta jure sanyi, ba ta jure bushewa, don haka kada ku kuskura ku sa kwalbar a firij kamar yadda ake yi wa fitsari. Na taɓa ganin an kawo ruwa fari fat kamar na wankin shinkafa, aka bar shi a firij har gari ya waye, aka shuka shi a farantin renon ƙwayoyin cuta babu abin da ya tsiro, alhali yaron yana kwance rai a hannun Allah. Har yau abin yana ci mini rai.

Rinin da Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884, wanda ke barin wasu ƙwayoyin cuta da launin shunayya, wasu kamar Neisseria kuma ja-ja, yana da sauƙi a baki, amma wurin zuba ruwan wanke launi ne hannu yake nuna gwaninta. Idan kuka zarce da 'yan daƙiƙoƙi, ƙwayar Streptococcus pneumoniae, wadda ita ma tana zuwa biyu-biyu kuma tana haddasa sanƙarau, za ta zubar da shunayyarta ta koma ja-ja, ku raɗa mata sunan da ba nata ba. Ku dubi siffa da kyau. Streptococcus tana da tsini, Neisseria kuwa kamar goro ce da aka ɓare, ɓari biyu suna fuskantar juna, sau da yawa a cunkushe cikin fararen ƙwayoyin jini. Abin da kuka gani ku sanar da likita nan take, domin magani ba ya jiran shuka.

Ku shuka a farantin jinin da aka dafa, mai launin cakulan, ku rufe a tulu da kyandir a kunne idan babu wata na'ura, a ɗumin digiri 35 zuwa 37. Gwajin sinadarin oksidas zai raba Neisseria da ƙwayar Acinetobacter mai kama da ita. Sukari ne yake fayyace sauran: ta sanƙarau tana cin gulukos da maltos, Neisseria gonorrhoeae mai haddasa ciwon sanyi gulukos kaɗai, Moraxella catarrhalis kuwa, wadda ke damun kunnen yara da huhun tsofaffi, ba ta cin ko ɗaya.

A kan ciwon sanyi nake so ku ji tsoron Allah ƙwarai. Mugunyar da ke fita daga gaban namiji, idan ta nuna ƙwayoyin cikin fararen ƙwayoyin jini, shaida ce mai ƙarfi. A wurin mace rini kaɗai bai isa ba, balle a maƙogwaro, inda dangin Neisseria marasa cutarwa suke zaune a jikin lafiyayyu. Suna ɗaya da kuka rubuta cikin gaggawa yana iya raba aure, ko ya ɓata sunan yarinyar da ba ta ji ba ba ta gani ba. Mugunyar idon jariri kuwa ba ta kwana, domin ƙwayar tana iya huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki.

Kada ku tsaya a kan cewa sanƙarau ne, domin ƙwayarsa rukuni-rukuni ce. Rigakafin MenAfriVac ya karya rukunin A, amma rukunin C ne ya addabi Zamfara da Sakkwato a 2017. Ku zuba ragowar ruwan a kwalbar Trans-Isolate mai riƙe ƙwayar da rai a hanya, ku rubuta suna da gari da rana, ku aika babban ɗakin gwaji domin a san rukunin da ke yawo, a zaɓi allurar da ta dace da shi.