Bishiyar da iska ta kayar a Legas ba duka ce ta murhu ba

Daga Maris zuwa Afrilu, lokacin da ruwan farko ke sauka a Legas tare da iska, manyan bishiyoyi kan zube a Ikoyi da Ikeja da Agege. Ba abin mamaki ba ne. A wurare da dama ƙasar rairayi ce, ruwa kuma yana kusa, don haka saiwa ba ta nitsewa. Ga masu gina kwata sun datse rabinta, an kuma malala siminti har gindi.

Abin da ke biyo baya shi ne abin takaicin. Mai inji ya zo ya daddatsa bishiyar guntu-guntu, kafin la'asar an raba wa masu suya da gidajen burodi. Buɗe hanya aikin gaggawa ne, amma gangar jikin ba ta da gaggawa, kuma a cikinta kuɗin yake.

Kafin komai a duba ko bishiyar ta taɓa wayar lantarki. Jiƙaƙƙen itace yana ɗaukar lantarki, kuma rashin wuta a unguwa ba tabbaci ba ne, ana iya kawo ta a kowane lokaci. A kira 767 ko 112 domin LASEMA, hukumar agajin gaggawa ta jihar Legas, a sanar da kamfanin rarraba wutar lantarki na Ikeja Electric ko na Eko. Idan bishiyar ta bakin titi ce, a tuntuɓi LASPARK, hukumar kula da lambuna da bishiyoyi ta jihar, kafin a yi cinikinta.

Bishiyar da ta faɗi ta fi wadda ke tsaye haɗari wajen yanka, domin a takure take. Inda ƙarshenta biyu suka dogara da ƙasa, tsakiyarta na lilo, saman ne a matse, ƙasan a miƙe. Wanda ya yanko daga sama kai tsaye, itacen zai haɗe ya cije masa zarto. Sai a fara ɗan tsagawa ta ɓangaren da ke matse, kamar kashi ɗaya bisa uku, a ƙarasa ta ɗaya ɓangaren. Rassa ake fara saukewa, daga ƙanana zuwa manya, a bar waɗanda ke tallafe da nauyin sai ƙarshe. Reshen da aka danne ya lanƙwashe yana iya fizgewa kamar baka ya karya wa mutum haƙarƙari. Mafi muni shi ne tushen da ya tuge da ƙasarsa: da zarar an raba shi da gangar jiki, yakan koma raminsa a take. Yara kuwa ramin nan suke son leƙawa. A kore su.

Gungume a bar shi da tsawon ƙafa 12 da ɗan ƙari, tunda da wannan awon ake sayar da katako a kasuwa. Amma a yi lissafin nauyi: ɗanyen gungume mai kaurin santimita 60 da tsawon mita 3 yakan kai kilo 800. Majiya ƙarfi huɗu ba za su ɗaga shi ba. Shi ya sa sau da yawa ya fi sauƙi a kawo mai inji ya tsaga shi a inda yake. Ga kuma matsalar ƙusa. Bishiyar gari ta sha allunan talla da waya, ƙarfen ya shige ciki, shi ya sa masu injin katako ke ɗari-ɗari da ita. A lura da baƙin tabo a bakin yankan, alamar ƙarfe ce.

Damina ba ta jira. A ɗora gungumen kan guntaye ya bar ƙasa saboda gara, a shafe bakinsa biyu da fentin mai don kada ya tsattsage, a tsaga shi cikin makonni kaɗan. Mangwaro ya fi kowa saurin yin baƙi da cin ƙwaro; darbejiya da maɗaci sun fi haƙuri, kafintoci kuma suna son su. Katakon a jera shi a inuwa ƙarƙashin rufi, a sa 'yan sanduna masu kaurin inci ɗaya tsakanin kowane layi, kowane rabin mita, a danne saman da bulo. Kada a lulluɓe da leda, gumi zai ruɓar da shi. A laimar Legas katako mai inci ɗaya yana buƙatar watanni, kuma wanda aka yi ƙofa da shi ɗanye zai karkace da zuwan hunturu.

Ba kowace ce ta cancanci wannan wahala ba. Wadda cikinta ya yi kogo, ko iska ta murɗe ta har ta tsage a tsaye, a faskara ta kawai. Kwakwa tana dakusar da zarto, ga rashin ci a murhu. Rassan kuwa dama na masu suya ne da masu ƙyafe kifi a Makoko, amma sai sun bushe, in ba haka ba hayaƙi za su saya. Ganye da dusar katako a tara su su zama taki, ko a ba motar LAWMA, hukumar kwashe shara, kada a tura su kwata ana tsakiyar damina.