Sa sitent a jijiyar zuciya ba ya nufin an gama

A nan Sakkwato na gaji da jin cewa da an buɗe toshewar jijiyar zuciya an sa sitent, ɗan bututun ragar ƙarfen nan, shi ke nan an rabu da ciwon. Ba laifin masu faɗin haka ba ne, tunda ciwon ƙirji kan lafa. Amma jijiyar na iya sake tsukewa, domin nama kan tsiro cikin ragar, galibi a shekarar farko. Haɗarin ya fi yawa idan toshewar ta wuce wata 3 kafin a buɗe ta, tana da tsawo, ko jijiyar siririya ce. Dattijo mai ciwon suga da aka jera wa sitent biyu, yana kuma shan sigari, yana cikin babban haɗari. In ya ajiye asfirin da clopidogrel, magungunan hana daskarewar jini, ba da izinin likita ba, jini na iya daskarewa a wurin farat ɗaya.