Gurnanin Monica Seles a Tsakar Gidana

Likita ne ya ja mini, domin shi ya ce hawan jinina ba zai sauka ba sai ina motsa jiki, ni kuwa mutuncina ba zai ɗauki gudu a titi da wannan tumbin ba. Sai na tuna da Monica Seles, 'yar wasan tanis ɗin da ta ci gasar Faransa a 1990 tana da shekara 16, ta kuma tara manyan kofuna takwas kafin ta cika ashirin. A wurin ajiye motoci na birnin Novi Sad, garinsu da ke ƙasar Sabiya ta yanzu, mahaifinta ya fara koya mata, da igiya ɗaure tsakanin motoci biyu a madadin raga. Mota dai ba ni da ita, amma akwai igiyar shanya.

Na sayo raket biyu, wato abin buga ƙwallon tanis, a gwanjo, na tsayar da babbar 'yata a ɗaya gefen. Abu biyu aka san Seles da su: bugu da hannu biyu ta kowane ɓangare, da gurnanin da take saki duk lokacin da ta doki ƙwallo. Bugun ya gagare ni, amma gurnanin kam na ƙware a kansa tun ranar farko.

Muna cikin haka sai ga tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda ungozoma ce, ta faɗo gidan ko sallama babu, mayafi a hannu, tana cewa, "Ina mai naƙudar?" Maiɗakina, wadda cikinta ya tsufa, tana zaune kan tabarma tana tsinkar zogale lafiya ƙalau. Tsohuwa ta dube ta, ta dube ni ina haki, sannan ta sauke ido kan tumbina ta ce, "Au, Malam, ashe kai ne? Wata nawa ke nan?"

Ita ma Seles ta gamu da masu ƙorafi a gasar Wimbledon ta Ingila a 1992, har abokiyar karawarta Martina Navratilova ta kai ƙararta wurin alƙalin wasa. Ta kame bakinta a wasan ƙarshe, Steffi Graf ta lallasa ta da 6-2 da 6-1. Da na kame nawa bakin, yarinyar da na haifa ta yi mini abin da ya fi wannan muni. Sai dai ita Seles ko wuƙar da aka daɓa mata a Hamburg a 1993 ba ta hana ta dawowa ta ci gasar Ostareliya a 1996 ba, alhali ni tambayar tsohuwa kaɗai ta sa na yi ritaya.

Daren da naƙudar gaskiya ta zo, na tura yarinyar da gudu ta kira ungozoma. Ta dawo ita kaɗai ta ce, "Baba, Inna ta ce ta ji, wai ka ji tsoron Allah ka daina wasa da tsakar dare."