Wanda ya harbi ciki ya juya mota, kada ya kira kansa maharbi

To, na ga bidiyon harbin barewar nan. Ku daina turo min shi don girman Allah. Masu sa alamar wuta da tafi a ƙarƙashinsa kuma ku tsaya, da ku nake.

Ƙarti a bayan Hilux, wai can arewa da Tanut, sun tasa barewa gaba har harshenta ya fito, sannan gwanin nasu ya miƙe tsaye mota na tsalle da shi, ya sakar mata wuta daga nisan da ko jaki aka ɗaure masa ba zai same shi daidai ba. Ta faɗi, ta miƙe, tana jan ƙafar baya, jini na bin cikinta. Su kuwa ihu, "ka same ta! ka same ta!" Da ta kutsa inda mota ba ta shiga, sai direba ya juya kai. Sannu maharbi. Sannu Sarkin Bakan TikTok. A nemo rawani a naɗa shi a ƙofar fada kowa ya shaida.

Maganata guda ce: in ba ka da tabbacin harbi ɗaya zai kwantar da dabba, sauke bindigarka. Ko yunwa ce ta fito da kai, ko nishaɗi, ko neman suna a waya, hukuncin bai canza ba.

Bindigar da ke hannun yaron nan mai kartush ce, kalibar 12, wadda rabin masu zuwa daji a ƙasar nan suke riƙewa ba tare da sun san halinta ba. Cikin bakinta sumul yake, ba ta da zanen da ke murɗa harsashi ya tafi a miƙe. Watsi take yi. Kartush na tsuntsu ɗaruruwan 'yan ƙwayoyin dalma ne, an yi shi don zabo da kurciya. A jikin barewa iyakarsa ya huda fata ya zauna cikin tsoka ya ruɓe. Mai manyan ƙwayoyin kuwa wajen tara ne a ciki, kowace ta ɗan haura milimita 8. A mita 15 suna tafiya a dunƙule. Kafin su kai mita 40 sun baje, ƙarfinsu ya ragu, kuma ba kai ke zaɓa musu wurin sauka ba: ɗaya a cinya, ɗaya a tumbi, sauran a yashi. Wanda ke musu ya samo kwalin taliya ya kafa a bayan gari, ya auna taku hamsin, ya harba, ya je ya ƙirga hujin. Ya harba sau uku ma, zai ga kowane harbi da nasa zanen. Kwali ba ya jin zafi, a can ake koyo.

Yanzu dubi abin da kake nufi da bindigar. Barewar sahara da ƙyar take wuce kilo 20. Wurin da ke kashe ta nan take yana bayan kafaɗar gaba kaɗan, ƙasa-ƙasa, inda zuciya da huhu suke, kuma faɗinsa bai fi tafin hannun babban mutum ba. Sai ta tsaya cik, ta ba ka gefe, kai ma ƙafarka na ƙasa, numfashinka ya kwanta. Ka ɗan goce baya, ka fasa tumbi da hanji. Wannan dabbar ba za ta mutu a gabanka ba. Za ta yi gudun da ba ka iya bi, ta laɓe ƙarƙashin ƙaya, ta yini tana kumburi, wani lokaci ta kwana, dila na zagaye ta. Ko ka same ta, ƙazantar ciki ta gama ɓata naman. Akwai kuma masu burgar "ni kai nake harbi". Kan barewa ba ya zama wuri guda ko na ƙiftawar ido. Abin da suka fi yi shi ne su farfasa muƙamuƙi, dabba ta tsere da ƙafafunta lafiya lau, bakinta na reto, ta yi kwanaki ba ta iya tsinkar ganye har yunwa ta gama da ita. Wannan bidiyon ba wanda ke ɗauka.

Na san amsoshin, sun cika min akwatin saƙo. "Ai talauci ne." Talakan da ya cika tankin Hilux ya shiga daji yawo? Ku bar ni. "Ai dabba ce, don ci aka halicce ta." To ina aka ci? Ungulu ce ta ci. "Ai kakanninmu ma sun yi farauta." Wannan ce ta fi ba ni haushi, don zagin kakannin ne. Maharbin da can kan burtu yake ɗaurawa a goshi, ya duƙa cikin ciyawa yana rausayar da shi, iska na bugun fuskarsa don kada dabba ta shaƙi warinsa, ya yi ta jan jiki a rana har sai ya kusanto ta sosai. Duk gwanintarsa a matsowa take. In kuma kibiya ta samu dabba ta gudu, ba ya komawa gida. Sawu da ɗigon jini yake bi, ko zai kai shi wani gari. Abin kunya ne a cikin maharba a ce wane ya bar rauni a dawa. Ku kun gaji bindigar da ta fi tasu, kun yar da kunyar.

Kuma mu Musulmi ne, jama'a. Hadisin nan da muka haddace tun muna makarantar allo, cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisa, in za ku yanka ku wasa wuƙa ku hutar da abin yanka, bai ce ban da daji ba. Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai mayar da abu mai rai wurin gwajin harbi. Imamu Malik ma ya karhanta cin abin farautar da ya ɓace maka har ya kwana. Bismillar da ka yi kafin ka ja kunama ba ta wanke ganganci. Wallahi abin da ya tsaya min a rai shi ne watakila tana da ɗa. Wata shida take ɗaukar ciki, ɗa guda take haifa, ta ɓoye shi a inuwa ta riƙa dawowa ba shi nono. Yana can yana jira.

Ban ma taɓo doka ba. Tun 1998 Nijar ke da dokar farauta da kare namun daji. Ba a fita sai da lasisi, ba a kora da mota, ba a haska fitila da dare. A 2012 aka keɓe Termit da Tin Tumma don kare namun daji, fili mai kusan murabba'in kilomita 97,000 a lokacin. Duk da haka, da masu ƙidaya suka zagaya a 2016, adaks, dabbar saharar nan mai murɗaɗɗen ƙaho, uku kacal suka gani. Mariri kuwa sai dai a labarin tsofaffi. A 2000 aka bayyana ya ƙare a daji, sai da aka kwaso na kiwo aka sake su a Cadi a 2016. A Ingila, inda irin tasu barewar ta yi yawa har ana rage ta, dokar 1991 ta hana harbinta da irin wannan bindiga mai watsi sai a 'yan lokuta ƙalilan. Mu da namu ke ƙarewa, mu ne masu harbin sa'a daga kan mota. Madalla da mu.

Ma'aikatan gandun daji, lambar motar ta fito ɓaro-ɓaro a bidiyon. Iyakar abin da zan ce ke nan.