Akwatin 'yan Shaker da fartanyarmu

Tsakanin 1935 da 1942, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu, gwamnati ta ɗauki masu zane da suka rasa aiki, ta baza su cikin ƙasa su zana kayan da mutane ke yi da hannu. Zane kusan 18,000 suka yi da fentin ruwa, yau suna ajiye a gidan adana zane-zane na National Gallery of Art da ke Washington. Cikinsu har da kayan 'yan Shaker, ɗariƙar Kirista da Ann Lee ta zo da ita daga Manchester a 1774. Ba sa aure, dukiyarsu ta gamayya ce, ado kuwa alfahari suka ɗauke shi.

Nan Massachusetts da nake zaune, tsohon ƙauyensu na Hancock ya zama gidan tarihi, nakan je da takarda da buroshi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina ƙaramin akwatinsu ne mai siffar ƙwai. Siririn katako suke lanƙwasawa, su yanka bakin haɗin yatsu-yatsu, su kafe da 'yan ƙusoshin jan ƙarfe. Ka ce kwalliya ce, alhali dabara ce don kada katakon ya kumbura ya tsage in damshi ya shige shi. Kujera ma a bango suke rataye ta, shara ta yi sauƙi.

A ganina fentin ruwa ne ya dace da irin waɗannan kaya, domin ba ya rufa wa mai zane asiri. Inda ka bar farin takarda nan ne haskenka, in hannu ya goce kuma ba gyara.

Mu dai masu son ado ne, ƙwarya ma sai an yi mata zane, kuma ban ga laifin haka ba. Amma a dubi fartanya, lauje, muciya da akushi. Galibi maƙeri ko masassaƙi bai ƙara musu ko ɗigo ba sai abin da aiki ya nema. Na 'yan Shaker ana rububin saye da tsada a gwanjo, namu akushin kuwa, roba ta kore shi daga gidaje.

Da ina da ta cewa a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, da na tura ɗalibai zuwa maƙera da gonaki, su fara da doguwar hauyar nan da manoman Damagaram ke noma da ita a tsaye.